Michael Crichton da sana'ar gina ƙage da tubalin gaskiya

A tsakiyar littafin Jurassic Park na marubucin Amurka Michael Crichton akwai wani shafi da babu gudu a cikinsa, babu cizo, babu jini. Jadawalin ƙidaya ne kawai. Masu wani gandun dabbobi da ke kan tsibiri sun ƙyanƙyashe dainaso 238, wato manyan halittun nan da suka shuɗe tun kafin zuwan ɗan'adam, kuma duk mata suka yi su don kada su hayayyafa. Sun kafa kyamarori da na'urorin hango motsi a kusan ko'ina cikin tsibirin, kwamfuta tana ƙirga dabbobin a kai a kai, kullum tana cewa 238. Abin da suke tsoro shi ne wata ta ɓace ko ta mutu, saboda haka aka tsara manhajar ta nemi 238, da adadin ya cika sai ta tsaya. Ba wanda ya kawo wa ransa cewa dabbobin za su iya ƙaruwa. Masanin lissafin nan na cikin labarin, Ian Malcolm, shi ya ce a umarce ta ta nemi 239. Ta samu. Aka yi ta ɗaga adadin har aka kai 300, sai ga 292 a allo. Nau'in da ya fi kowanne haɗari, Velociraptor, da ake zaton guda 8 ne, ashe sun kai 37.

Kwamfutar ba ta lalace ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tambayar da aka yi mata ce gurguwa. Duk wanda ya gane wannan shafi ya kama bakin zaren aikin Michael Crichton, domin kusan shekara arba'in ya yi yana ba da labarin mutane masu ilimi da kuɗi waɗanda suka gina tsari mai matakan kariya da yawa, sannan wani ɗan ƙaramin abu da ba su lissafa da shi ba ya rushe musu komai.

An haife shi a Shikago ranar 23 ga Oktoba, 1942, ya tashi a Roslyn da ke yankin Long Island a jihar New York. Mahaifinsa ɗan jarida ne, don haka rubutu ba baƙon abu ba ne a gidansu. Yana da shekara 16 jaridar New York Times ta buga masa wani rubutu a kan tafiyar da ya yi. Dogo ne na ban mamaki, ƙafa 6 da inci 9. Ya shiga jami'ar Harvard a 1960 da niyyar karanta adabin Ingilishi, amma bai ji daɗin makin da wani malami ke ba shi ba. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, sai ya kwafi wata maƙalar George Orwell ya miƙa a matsayin tasa don ya gwada malamin, aka ba Orwell maki matsakaici. Daga nan ya koma sashen nazarin asalin ɗan'adam, ya gama a 1964 da sakamako mafi daraja, ya ɗan koyar a jami'ar Cambridge ta Ingila, sannan ya dawo Harvard karatun likita.

A makarantar likita ne ya fara rubuta littattafan leƙen asiri da na sata don ya sami kuɗin karatu. Sunan John Lange ya sa a kansu, na farko Odds On ya fito a 1966. A 1968 ya fitar da A Case of Need da sunan Jeffery Hudson, labarin wani likita a Boston da aka zarga da zubar da cikin da ya yi ajalin wata budurwa, kuma littafin ya ci kyautar Edgar ta labaran binciken laifi a 1969. A wannan shekarar ya karɓi digirin likita, sai dai bai taɓa neman lasisin duba marasa lafiya ba. Ya yi shekara guda a cibiyar bincike ta Salk da ke Kalifoniya, ya fitar da Five Patients a 1970 a kan yadda babban asibitin Massachusetts ke aiki, daga nan ya rungumi alƙalami da kyamara. Karatun bai tafi a banza ba. Can ya koyi yadda ƙwararru ke magana idan abu ya rikice, da yadda ake bin alamomin cuta ɗaya bayan ɗaya har a gano tushenta, kuma a haka yake tafiyar da labari.

Littafin da ya fara sa masa sunansa na gaskiya a labarin ƙirƙira shi ne The Andromeda Strain na 1969, kuma a nan ya kamata mai son koyon sana'arsa ya zauna ya yi nazari. Wani tauraron ɗan'adam na soja ya faɗo kusa da wani ƙaramin gari a jihar Arizona, likitan garin ya buɗe shi, mutanen garin suka mutu, jininsu ya daskare a jijiyoyinsu. Mutum biyu suka rage: wani tsoho da jariri. Aka kwashe su zuwa wani ɗakin bincike na sirri a ƙarƙashin ƙasa a Nevada, mai hawa biyar, kowane hawa ya fi na samansa tsabta, kuma an dasa bam ɗin nukiliya a ƙasan ginin don ya ƙone komai idan ƙwayar cutar da tauraron ya ɗauko ta kuɓuce. Kwana biyar labarin ya ɗauka.

Amsar da masu binciken ke nema tana cikin abin da duk ɗalibin likita ya sani. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami. Tsohon yana fama da gyambon ciki, yana haɗiyar asfirin barkatai, yana kuma shan wani man kunna wuta mai barasa, sai jininsa ya yi tsami fiye da ƙima. Jaririn kuwa kuka yake yi ba ƙaƙƙautawa, yawan numfashin yana fitar masa da iskar kabon, sai jininsa ya karkata ɗaya ɓangaren. Ƙwayar cutar ba ta iya girma sai a ɗan siririn tsakanin nan. Mai karatu da ya bi a hankali zai iya gano amsar kafin likitan cikin labarin, kuma wannan adalci ne da ba kowane marubuci ke yi wa masu karatunsa ba.

Sai kuma kurakuran. Na'urar da ke buga saƙonni daga waje tana da ƙararrawa, amma wani ɗan guntun takarda ya maƙale tsakanin ƙararrawar da abin buga ta, saboda haka saƙonni masu muhimmanci suka yi ta shigowa ba wanda ya ji. Ɗaya daga cikin masanan yana da farfaɗiya da ya ɓoye, hasken fitila mai walƙiya yana tayar masa da ita. Mafi muni, a ƙarshe suka gane cewa ƙwayar tana cin makamashi ne kai tsaye, wato bam ɗin da aka tanada don kashe ta abinci zai zame mata. Babu mugu ko ɗaya a littafin. Guntun takarda, sirrin da mutum ya riƙe don tsoron rasa aiki, da kariyar da aka tsara tun kafin a san abin da ake karewa, su ne suka kusa hallaka jama'a.

Editansa a kamfanin dab'i na Knopf, Robert Gottlieb, ya taimaka ƙwarai wajen samar da salon. Ya sa shi sake rubutu, ya rage kutsawa cikin zukatan mutanen labarin, ya ba da shi kamar rahoton abin da ya faru da gaske. Shi ya sa littafin ya buɗe da godiya ga jami'an da wai suka ba da bayanai, ya cika da taswira, da takardun da kwamfuta ta buga, da hirarrakin rediyo, ya rufe da jerin manazarta da aka ƙirƙira. Lokacin fitowarsa ma ya dace da shi, domin a watan Yulin shekarar ne 'yan Apollo 11 suka dawo daga duniyar wata, hukumar NASA ta killace su na tsawon kwana 21 don tsoron irin wannan cutar. Robert Wise ya mayar da littafin fim a 1971.

Idan aka warware littattafansa aka duba kayan haɗin, kusan iri ɗaya ne kullum. Yakan ɗauki wani bincike na gaske da ake cikin yi, ya matsa da shi taki ɗaya kacal zuwa gaba. Yakan kulle mutanensa a wurin da babu mafita: tsibiri, ƙarƙashin ƙasa, ƙasan teku kamar a Sphere na 1987, ko masana'anta a tsakiyar hamada kamar a Prey na 2002. Yakan tara ƙwararru daga fannoni daban-daban, domin idan masanin ƙasusuwa yana yi wa lauya bayani, mai karatu ma yana koyo ba tare da ya ji ana yi masa lacca ba. Yakan sa wa'adi. Kuma yakan ɓata shafuka da yawa yana nuna ingancin matakan kariya kafin ya fara karya su, don kuwa wanda bai ga ƙarfin shinge ba ba zai ji tsoro ranar da shingen ya faɗi ba. Babobinsa gajeru ne, jimlolinsa ba ado. Bincike yakan ɗauke shi shekaru, amma idan ya zauna rubutu yakan gama zubin farko cikin mako shida ko bakwai, yana ƙara sammako kullum har ya koma tashi da ƙarfe biyun dare, yana cin abincin rana iri ɗaya don kada zaɓin abinci ya ɗauke masa hankali.

Inda yake da rauni ma a fili yake. Mutanensa sau da yawa sana'arsu ce kawai halinsu, da wuya ka tuna wani abu game da su bayan ka rufe littafin. Ƙarshen labari yakan zo masa da gaggawa: ƙwayar Andromeda da kanta ta rikiɗe ta daina kisa, ba dabarar kowa ba ce. A Congo na 1980, mai labarin neman lu'ulu'u a wani ɓataccen birni da gwaggon biri mai magana da hannu, Afirka daji ce kawai da baƙi ke ratsawa, mutanenta kuwa galibi 'yan dako ne ko abin tsoro. Rising Sun na 1992 ya sha suka a kan yadda ya zana Japanawa, kuma sukar tana da tushe.

Akwai littafi ɗaya da ya kamata mai karatu Musulmi ya san labarinsa sosai, wato Eaters of the Dead na 1976, wanda aka yi fim ɗin The 13th Warrior da shi a 1999, Antonio Banderas ya fito a matsayin Ahmad ibn Fadlan. Ibn Fadlan mutum ne na gaske. Yana cikin tawagar da Halifa al-Muƙtadir ya aika daga Bagadaza a shekarar 921 zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Volga, suka isa a 922. Risalarsa tana cikin tsofaffin shaidun gani da ido a kan mutanen da ya kira Rus, har da bayanin yadda suka ƙone gawar wani babbansu a cikin jirgin ruwa. Yaƙut al-Hamawi ya ciro sassanta a Mu'ujamul Buldan, kuma an gano wani kwafin da ya fi cika a Mashhad ta Iran a 1923. Crichton ya ɗauki babobi uku na farko daga wannan risala, daga nan sai ya ɗora tsohuwar waƙar jarumtar Turawan arewa, Beowulf, ya ci gaba da muryar Ibn Fadlan kamar ba a canza hannu ba, da bayanan ƙasan shafi na malamai waɗanda wasunsu babu su a duniya. Ɗinkin ya yi kyau har shi kansa ya rubuta daga baya cewa ya taɓa ɓata sa'o'i a laburare yana neman wani littafi daga jerin manazartansa kafin ya gane ƙirƙirarsa ya yi. Don haka duk wanda zai kafa hujja da Ibn Fadlan, ya koma ga risalar ta asali. Yaƙi da masu cin naman mutane da zama jarumi na goma sha uku duk ba su cikinta.

A harkar fim ba sayar da labari kawai ya yi ba, da kansa ya riƙa ba da umarni. Ya fara da Pursuit na talabijin a 1972, sai Westworld a 1973, wanda ya rubuta ya kuma shirya wa kamfanin MGM. Wurin shaƙatawa ne da baƙo ke biyan dala 1,000 a kullum ya yi abin da ya ga dama da mutum-mutumi masu kama da mutane. Matsala ta fara yaɗuwa daga na'ura zuwa na'ura kamar annoba, injiniyoyi suka kashe wutar wurin gaba ɗaya, sai ƙofofin ɗakin sarrafawa masu aiki da lantarki suka kulle su a ciki, su kuwa mutum-mutumin suka ci gaba da aiki da batir. Wannan fim ne na farko mai tsawo da aka sarrafa hotonsa da kwamfuta. Don a nuna yadda ɗan bindigar da Yul Brynner ya fito a matsayinsa ke ganin duniya, John Whitney ƙarami ya riƙa shigar da hoton fim ɗin cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ana rarraba kowanne zuwa ƙananan murabba'ai, ana ba kowane murabba'i matsakaicin launin wurin, sannan a mayar da shi kan fim. Daƙiƙa 10 takan ci kimanin awa 8, kuma duka abin da ya shiga fim ɗin bai wuce minti biyu da rabi ba.

Bayansa ya yi Coma a 1978 daga littafin Robin Cook, sai The Great Train Robbery daga nasa littafin na 1975, a kan satar zinaren da aka yi a jirgin ƙasa tsakanin Landan da Folkestone a 1855, inda ɓarayin suka kwafi makullai da kakin zuma suka cika akwatunan da harsashin dalma don nauyi ya yi daidai. Sean Connery da kansa ya yi gudu a kan rufin jirgin yana tafiya. Looker na 1981 da Runaway na 1984 ba su yi kasuwa ba, kuma bayan Physical Evidence na 1989 bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba. A ganina daraktan kirki ne mai tsabtar aiki, amma a takarda ya fi ƙarfi, domin bayani shi ne makaminsa, fim kuwa ba ya jure dogon bayani. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne lambar yabo ta fasaha da hukumar Oscar ta ba shi tare da abokan aikinsa a 1995, saboda manhajar tsara kasafin kuɗi da jadawalin ɗaukar fim.

Jurassic Park ya fito a 1990, bayan shekaru yana juya tunanin. Zubin farko ta idon yaro aka ba da labarin, waɗanda suka karanta ba su so shi ba, ya sake rubutawa ta idon manya. Dabarar kimiyyar ita ce: sauro ya ciji dainaso, ya maƙale a ƙaron bishiya, ƙaron ya daskare ya zama dutse, a huda a zuƙo jinin, a karanta DNA, wato rubutun gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, a cike guraben da suka ɓata da na wasu dabbobi, ciki har da kwaɗo. Nan gizo ke saƙar, domin labarin ya dogara da cewa wasu kwaɗi, waɗanda fim ɗin ya ce na Afirka ta Yamma ne, kan canza jinsi idan babu ɗaya jinsin a kusa. Ta haka matan suka sami maza. Kariya ta biyu ita ce an hana jikin dabbobin haɗa sinadarin laisin, wai idan sun tsere za su mutu. Wannan ba ta da ƙarfi tun daga tushe, don babu dabba mai ƙashin baya da ke haɗa laisin a jikinta, daga abinci kowa ke samu, kuma a ƙarshen littafin waɗanda suka tsere wake da waken soya da kaji suke bi suna ci. Ta uku ita ce shingen lantarki. Mai kula da manhaja, Dennis Nedry, wanda ke ganin an cuce shi a kwangila, ya kashe shi don ya saci 'ya'yan tayi ya sayar wa wani kamfani. Da aka sake kunna tsarin, sai kowa ya saki jiki, ba a lura ba cewa ƙaramin janareto ne ke aiki, kuma ƙarfinsa bai isa ya ba shingayen wuta ba. Sa'o'i aka yi a haka.

A zahiri wannan hanya ba ta ɓullewa. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan ƙasusuwan tsuntsun moa na New Zealand ya kiyasta cewa rabin mahaɗan DNA kan karye cikin shekara 521 a yanayin da aka same su. Mafi tsufan DNA da aka iya karantawa, daga ƙasar Greenland, shekarunsa kimanin miliyan 2 ne, dainaso kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Velociraptor na gaske bai fi girman talotalo ba sosai, kuma yana da gashin tsuntsu. Siffar ɗan'uwansa Deinonychus ce Crichton ya ara. Amma duk wannan bai rage wa littafin daraja ba, domin bai taɓa cewa rahoto ba ne, kuma abin da ya faɗa game da kamfanonin da ke gaggawar sayar da fasahar da ba su gama fahimta ba yana nan daram.

Kamfanin Universal ya sayi haƙƙin fim ɗin a kan dala miliyan 1.5 tun littafin bai fito ba, Steven Spielberg ya shirya shi a 1993, ya tara sama da dala miliyan 900 a fitowar farko. Yadda Spielberg ya ji labarin ma ta dalilin wani aikin ne: suna tattauna wani rubutun fim da Crichton ya yi tun 1974 a kan kwana guda a sashen gaggawa na asibiti. Shi ne ya zama shirin talabijin na ER, wanda tashar NBC ta fara nunawa a Satumban 1994, ya yi zango 15 da kashi 331 kafin ya ƙare a 2009. Abin da ya bambanta shi da shirye-shiryen asibiti na baya shi ne likitocin suna jefa kalmomin aikinsu da sunayen magunguna ba tare da tsayawa yi wa mai kallo fassara ba, kyamara tana bin gadon mara lafiya a guje, kuma ba kowa ake cetowa ba.

Daga cikin littattafan da suka biyo baya, Airframe na 1996 ne nake ganin an fi yi wa rashin adalci. Babu dodo a ciki, bincike ne a kan jirgin sama da ya yi ta sama da ƙasa a sararin tekun Pasifik har mutane suka mutu. Mai karatu zai koyi yadda ake bin takardun kowane ƙarfen jirgi, da yadda kayan gyara na jabu ke shiga, da yadda 'yan talabijin ke yanke hukunci kafin injiniyoyi su gama aunawa. Hatsarori biyu na gaske yake kama da su: na China Eastern a 1993, inda faifan gaban fukafukai suka buɗe ana tsakiyar tafiya, da na Aeroflot a 1994, inda matuƙi ya bar ɗansa ya zauna a kujerarsa.

Sai State of Fear na 2004, inda nake ganin ya yi amfani da baiwarsa ta hanyar da ba ta dace ba. Labarin 'yan rajin kare muhalli ne da ke ƙirƙirar bala'o'i don su tsorata duniya da ɗumamar yanayi. A da, bayanan ƙasan shafinsa wasa ne tsakaninsa da mai karatu. A nan kuwa ya sanar cewa na gaske ne, ya kawo jadawalan zafi da sunayen mujallun kimiyya, ya ƙara da saƙon marubuci. Takardun na gaske ne, zaɓen ne ke da son rai. A 1988 James Hansen na NASA ya gabatar wa majalisar dattawan Amurka hasashe uku, ya ce na tsakiya ne ya fi yiwuwa, amma littafin ya ɗauki mafi tsanani shi kaɗai ya ce Hansen ya yi kuskure da kashi 300 cikin ɗari. Peter Doran, wanda bincikensa na 2002 ya nuna wasu sassan Antatika sun yi sanyi, ya rubuta a New York Times a 2006 cewa an juya sakamakonsa, ya kuma ambaci littafin. Duk da haka Sanata James Inhofe ya gayyaci Crichton ya ba da shaida a gaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa a Satumban 2005. Mutumin da ya fi kowa sanin yadda jadawali ke sa a yarda da magana, bai kamata ya yi haka ba.

Akwai wata iƙirarinsa da ta shafe mu kai tsaye, cewa hana maganin feshi na DDT ya jawo mutuwar miliyoyin mutane da zazzaɓin cizon sauro. Haramcin 1972 na cikin Amurka ne, kuma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofar amfani da shi don yaƙi da sauro. Abin da ya fi karya lagon maganin shi ne sauro ya saba da shi, musamman saboda yawan zuba shi a gonaki. Kuma an gwada ƙarfin feshi a ƙasar Hausa: daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike a Garki, da ke jihar Jigawa a yau, da wani maganin feshi mai suna propoxur haɗe da rabon magani ga jama'a. Cutar ta ragu sosai, amma ba a iya katse yaɗuwarta ba, kuma da aka daina ta dawo. Matsalar ta fi ƙarfin bayani mai layi ɗaya.

A littafinsa na ƙarshe da ya fito yana raye, Next na 2006, ya koma inda idonsa ke gani da kyau: mallakar ƙwayoyin gadon ɗan'adam. Ya gina wani sashen labarin a kan irin shari'ar John Moore, wanda kotun ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1990 cewa ba shi da haƙƙin mallaka a kan ƙwayoyin da aka cire daga saifarsa aka yi kasuwanci da su. A 2007 ya rubuta a New York Times yana kira da a daina ba kamfanoni takardar mallakar ƙwayoyin gado, domin hakan na tsadar da gwajin cututtuka yana kuma hana bincike. A 2013 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Myriad Genetics mai riƙe da gwajin sankarar mama, ta yanke cewa ba a mallakar DNA da aka samu a halitta.

Bai ga wannan hukunci ba. Ya rasu a Los Angeles ranar 4 ga Nuwamba, 2008, yana da shekara 66, bayan jinyar sankara da bai bayyana wa duniya ba. An sayar da littattafansa sama da kwafi miliyan 200, kuma tun a 2002 wani masanin ƙasusuwa na Sin, Dong Zhiming, ya raɗa wa wani dainaso suna Crichtonsaurus. Mai sayen littattafan da suka fito bayan rasuwarsa ya duba bangon da kyau. Pirate Latitudes na 2009 da Dragon Teeth na 2017 rubutunsa ne da aka tarar a ajiye. Micro na 2011 bai gama shi ba, Richard Preston ne ya ƙarasa. The Andromeda Evolution na 2019 Daniel H. Wilson ne ya rubuta, Eruption na 2024 kuma James Patterson ne ya kammala daga abin da Crichton ya bari.